Tsoron ta'addanci da ƴan gudun hijira a Nijar: abin da ya kamata a sani

Alƙaluman hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, wato HCR, sun nuna cewa a ƙarshen shekarar 2024 mutanen da rikici ya raba da gidajensu kuma suke zaune a Nijar sun kusa miliyan ɗaya. Fiye da rabinsu ƴan ƙasa ne da suka bar ƙauyukansu, sauran kuma sun ƙetaro ne daga Najeriya da Mali da Burkina Faso, sai kaɗan daga Cadi da Sudan. Kusan dukansu abu guda suka guje wa: mutanen da ke zuwa bisa babura da bindigogi. Amma sau da yawa garin da suka sauka cikinsa shi ma tsoron waɗannan mutane yake yi, kuma wannan tsoro ne ke yanke yadda za a karɓi baƙon, ko a shimfiɗa masa tabarma ko a kai sunansa wurin jandarma.

Wane ne ɗan gudun hijira a idon doka

A bakin jama'a duk wanda ya gudo ɗan gudun hijira ne. Doka ta fi haka rarrabewa. Wanda ya ƙetare iyakar ƙasarsa saboda tsangwama ko yaƙi shi ne ɗan gudun hijira na sosai, wanda takardun gwamnati ke kira da Faransanci «réfugié». Wanda ya gudu daga Bosso zuwa Difa, ko daga wani ƙauyen Madarumfa zuwa Maraɗi, bai bar ƙasarsa ba, don haka ɗan gudun hijira ne na cikin gida, kuma yana da duk haƙƙin da kowane ɗan Nijar yake da shi. Akwai mai neman mafaka, wanda ya shigar da buƙatarsa yana jiran amsa. Akwai kuma ƴan Nijar da suka yi shekaru suna su ko noma a Borno, yaƙi ya koro su gida ba su da ko takardar haihuwa. Ɗan ci-rani da ke bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya kuwa wani babi ne daban, ko da yake a hira a kan tabarmar shayi ana yawan haɗa su wuri ɗaya.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Janeba ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, kuma tana da dokarta ta kanta, mai lamba 97-016 ta ranar 20 ga Yuni 1997. Hukumar da ke duba wanda ya cancanci mafaka ita ce CNE, ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. A Disamban 2018 ƙasar ta kafa dokar kare ƴan gudun hijira na cikin gida, ta zama ta farko a Afirka da ta shigar da yarjejeniyar Kampala cikin dokokinta.

Abubuwa biyu cikin waɗannan yarjejeniyoyi sun shafi maganar tsaro kai tsaye, kuma ba kowa ya san su ba. Na farko, an hana a mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari. Na biyu, wanda akwai ƙwararan dalilai na cewa ya aikata laifin yaƙi ko wani mugun laifi ba ya samun matsayin ɗan gudun hijira ko kaɗan, haka ma mai ɗauke da makami har sai ya ajiye shi. Wato dokar ba ta ce a rufe ido a karɓi kowa ba. Ta ce a tantance mutum ɗaya-ɗaya, a kan abin da shi ya yi. Yarjejeniyar Afirka ta ƙara da cewa a zaunar da ƴan gudun hijira nesa da iyakar ƙasar da suka baro, saboda tsaronsu da na masu masaukinsu.

Difa, inda abin ya fara

Mutane sun fara ƙetaro kogin Komadugu da yawa a 2013, bayan Najeriya ta kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu. A lokacin babu wani sansani. Kanuri ne suka sauka wurin Kanuri, dangi wurin dangi, kuma gidaje da yawa a Difa da Bosso da Maine Sorowa sun ninka yawan bakin da suke ciyarwa ba tare da wani ya biya su ba. Da Damasak ta faɗa hannun Boko Haram a Nuwamban 2014 sai kwararar ta ƙaru, aka buɗe sansanin Sayam Foraj a ƙarshen wannan shekara.

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Difa, karo na farko da ta yi yaƙi a fili a ƙasar Nijar. Daga wannan rana kallon da ake yi wa baƙo ya canza. Cikin ƴan kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana cinikin kifi da tattasai don ana ganin ƴan ta'adda na karɓar haraji a kansu. Daga baya aka hana mata sa niƙabi. Dubban mutanen Difa suka nufi Damagaram, inda su ma, ƴan ƙasa da katinsu, suka ɗanɗana abin da baƙo ke ji: bincike a kowane shinge, da maƙwabta masu tambayar daga ina aka fito.

Abin da ya fi nuna yadda tsoro ke aiki shi ne na tsibiran tafkin Cadi. Ranar 25 ga Afrilu 2015 aka kai hari tsibirin Karamga, hukumomi suka ce sojoji 46 da fararen hula 28 sun rasu. Bayan ƴan kwanaki aka ba mazauna tsibiran wa'adi su fita. Fiye da mutum 25,000 suka kama hanyar Ngigmi da Bosso, da yawa a ƙafa, cikin zafin watan Mayu, wasu suka mutu da ƙishirwa. Dubban ƴan Najeriya daga cikinsu aka ɗora a manyan motoci aka mayar da su Gaidam a jihar Yobe. Moussa Tchangari na ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, wanda ya soki yadda aka yi wannan aiki, ya kwana wajen goma a tsare. Dalilin soja a bayyane yake, ana son a raba mayaƙa da inda suke samun abinci da mafaka. Amma masunta da makiyaya da aka kwashe sun rasa sana'arsu a dare ɗaya, kuma ƙabilar Buduma gaba ɗaya ta shiga bakin mutane a matsayin abar zargi.

Bayan harin Bosso na 3 ga Yuni 2016 wasu mutum kusan 50,000 suka sake gudu. A wannan shekara jihar Difa, wadda ƙidayar 2012 ta ba mutum ƙasa da 600,000, tana ɗauke da kusan 250,000 da suka bar gidajensu, da yawa cikin bukkokin kara a bakin babbar hanya mai lamba ɗaya.

Shin akwai ƴan ta'adda cikinsu?

Wannan ita ce tambayar da ake yi a tasha da kasuwa, kuma ba tambayar banza ba ce. Ranar 28 ga Yuni 2017 mata biyu suka tayar da bam a sansanin Kabalewa. Kwana huɗu bayan haka aka kashe mutum 9 a Ngalewa, aka sace 39, kusan duka mata da yara. An sha kama masu kai wa mayaƙa mai da abinci da labari a wuraren da ƴan gudun hijira ke zaune. Wanda ya ce babu wannan ko kaɗan bai san Difa ba.

Sai dai idan aka bi hare-haren ɗaya bayan ɗaya, abin da ke fitowa shi ne wuraren ƴan gudun hijira sun fi zama abin hari a kan su zama mafarin hari. Waɗanda suka mutu a Kabalewa mazauna sansanin ne. A Tazalit, cikin jihar Tawa, ranar 6 ga Oktoba 2016 an kashe jami'an tsaro 22 da ke gadin ƴan gudun hijirar Mali. A Intikan, ranar 31 ga Mayu 2020, mahara bisa babura sun kashe shugabannin ƴan gudun hijira biyu da wani shugaban al'ummar wurin, suka lalata tashar ruwan da dubban mutane da dabbobinsu ke sha. A Tumur, daren 12 ga Disamba 2020, an kashe kusan mutum 30 aka ƙone ɗaruruwan gidaje, wuta ba ta tambayi wane ne ɗan gari wane ne baƙo ba.

Akwai kuma abin da ba a son faɗi da ƙarfi. Wani ɓangare na mayaƙan Boko Haram a yankin samarin Difa ne da kansu, waɗanda aka ja da kuɗi da sabon babur da alkawarin aure tun kafin 2015. Shi ya sa a ƙarshen 2016 gwamnati ta yi tayin afuwa ga masu tuba, aka buɗe musu cibiya a Gudumariya. Fiye da mutum dubu aka tsare a gidajen kason Kollo da Kutukale bisa zargin alaƙa da ƙungiyar, aka fara yi musu shari'a a 2017, kuma da dama an sake su saboda rashin hujja bayan sun share shekaru a tsare. Wasu tsegumin maƙwabci ne kawai ya kai su, wani lokaci a kan bashi ko gona.

Yadda tsoro ke auna haɗari

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa jin tsaro da samun tsaro ba kullum suke tafiya tare ba. Amos Tversky da Daniel Kahneman sun nuna a 1973 cewa mutum yakan auna yawan faruwar abu da saurin da misalinsa ke faɗo masa a rai. Harin da ya kashe mutum goma a rana ɗaya, aka ga hotunansa a WhatsApp, ya fi zama cikin zuciya a kan zazzaɓin cizon sauro da ke ɗauke dubban yara kowace damina, ɗaya a wannan gida ɗaya a wancan. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 Amurkawa da yawa sun ƙi shiga jirgin sama suka koma tafiya a mota. Gerd Gigerenzer, wani masani Bajamushe, ya ƙiyasta cewa hakan ya jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 1,500 a haɗarin hanya cikin shekara guda. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Matsalar ita ce tsoro yana neman fuskar da zai ɗora wa laifi, kuma ɗan ta'adda ba ya zama a gani. Wanda ake gani kullum shi ne matar da ke bara a bakin masallaci da harshen da ba na unguwa ba, ko saurayin da ba a san ubansa ba yana tura kura a kasuwa.

A Turai an auna wannan da ƙididdiga. Bayan hare-haren birnin Paris na 13 ga Nuwamba 2015, da suka kashe mutum 130, cibiyar bincike ta Pew ta tambayi mutanen ƙasashe goma a 2016. A Hangari kashi 76 cikin ɗari suka ce zuwan ƴan gudun hijira zai ƙara haɗarin ta'addanci, a Polan kashi 71, alhali Polan ba ta karɓi wani adadin a zo a gani ba. Gaskiya ne biyu daga cikin maharan Paris sun shigo ta tsibirin Leros na Girka da fasfo na jabu cikin ayarin masu gudu, amma yawancin maharan haifaffun Faransa da Beljiyam ne. Wani bincike a tsibiran Girka ya ƙara wani abu mai amfani gare mu: inda ƴan gudun hijira suka wuce kawai cikin rububi, ba tare da an zauna an san juna ba, ƙiyayyar mazauna ta ƙaru. Ganin baƙo daga nesa daban, cin kasuwa ɗaya da shi daban.

A Afirka ma an ga irinsa. Bayan kisan mutum 148 a jami'ar Garissa a Afrilun 2015, Kenya ta ce za ta rufe sansanin Dadaab na Somaliyawa, sai da babbar kotu ta hana a 2017. Kamaru kuma, in ji ƙungiyar Human Rights Watch, ta mayar da ƴan Najeriya kusan 100,000 da ƙarfi tsakanin 2015 da 2017.

Maraɗi: baƙon da ɗan'uwa ne

Daga watan Afrilu da Mayu na 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara shigowa gundumar Gidan Rumji, suna gudun ɓarayin daji masu satar shanu da garkuwa da mutane. Kafin ƙarshen shekarar sun haura 40,000. A Afrilun 2020 wasu 23,000 suka biyo baya bayan sabbin hare-hare. Mafi yawansu mata ne da yara. Wasu kuma sun sauka a Bangi cikin gundumar Madawa da kewayen Ƙonni.

A nan maganar «baƙo» tana da wuyar riƙewa. Maraɗi kanta masu gudu ne suka kafa ta: sarautar Katsina ta Haɓe da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19, ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Tibiri kuma Gobirawa ne suka gina ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma daga wannan gida na Tibiri ne aka fita aka kafa Sabon Birni. Matar da ta gudo daga Sabon Birni zuwa wani ƙauyen Gidan Sori sau da yawa gidan kawunta ta zo, da zanen Gobir iri ɗaya a fuska. Wannan ne ya sa ƙauyuka da dama suka karɓi mutanen da suka fi su yawa, suka buɗe rumbu tun kafin motar wata ƙungiya ta iso.

Gwamnati da HCR ba su kafa sansani irin na da ba. An zaɓi ƙauyuka nesa da iyaka, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka zaunar da ƴan gudun hijira kusa da ƴan gari, da sharaɗin cewa famfo da gidan likita da lakwal na kowa ne. Hikimar a fili take: idan zuwan baƙo ya kawo wa ƙauye ruwa da malamin asibiti, da wuya a kalle shi a matsayin annoba. A Difa ma an bi irin wannan hanya da rabon filaye a cikin komin-komin, inda ɗan gudun hijira da talakan gari ke samun fili a unguwa ɗaya.

Duk da haka zumunci bai hana zargi ba. Da ɓarayin suka fara ƙetarowa da kansu, suna sace mutane a Gabi da Madarumfa da gefen dajin Baban Rafi, sai aka fara tambayar wa ke nuna musu gidan mai shanu, wa ke gaya musu wanda ya sayar da wake. Kalmar infoma ta shigo daga ƙetare ta zauna. Wani lokaci infoman ɗan gari ne da aka haifa a gidan da ke kallon na wanda aka sace. Waɗanda zargin ya fi faɗa wa kuwa Fulani ne, ƴan gudun hijira da ƴan ƙasa duka, saboda da yawa cikin ɓarayin Fulani ne, alhali makiyayi shi ne na farko da ake kwashe wa garke. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, in ji masu magana, amma a aikace ana zubar da buhun ne gaba ɗaya, kuma saurayin da aka hana shiga kasuwa saboda ƙabilarsa shi ne wanda masu bindiga suka fi sauƙin ja. A Tilaberi an ga inda wannan hanya ke kaiwa.

Dattawanmu sun san ɗaya gefen labarin. Bayan rikicin Maitatsine na Kano a Disamban 1980, ƴan Nijar da ke ci-rani a Najeriya sun zama abin zargi saboda an ce akwai baƙi cikin mabiyansa. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, a 1985 ta Buhari ta sake, iyaka kuma a rufe cikin fari. Har yau akwai tsofaffin da ke kiran yunwar wancan lokaci da sunan El Buhari.

Inda babu dangantaka

Agadas ta nuna abin da ke faruwa idan babu harshe ɗaya ko kakanni ɗaya. Daga ƙarshen 2017 ƴan Sudan, yawancinsu samarin Darfur da suka tsero daga Libiya, suka taru a garin suna neman mafaka. Jita-jita ta bazu cewa tsoffin mayaƙa ne. A Mayun 2018 aka mayar da fiye da 130 daga cikinsu iyakar Libiya, sauran aka kai su wata cibiya mai nisan kilomita kusan 15 daga gari. A farkon Janairun 2020, bayan an tarwatsa zaman dirshan da suka yi a ƙofar ofishin HCR, cibiyar ta ƙone kusan ƙurmus, aka kama fiye da mutum 300. Adadinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na waɗanda Gidan Rumji ta karɓa ba, amma rikicin da aka yi a kansu ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Abin da ke sa haƙuri ya ƙare

Ba koyaushe tsoron bindiga ne ainihin abin da ke cikin zuciya ba. Sau da yawa maganar tsaro riga ce da ake sa wa wata damuwa: layin famfo ya yi tsawo, itacen girki ya ƙare a daji, ladan ƙwadago a gona ya faɗi saboda baƙo na karɓar rabin kuɗi, kuɗin hayar ɗaki ya tashi. Mafi zafi shi ne ranar rabon abinci, lokacin da mai masaukin da ya ciyar da baƙo wata shida daga rumbunsa yake tsaye yana kallo ana ba baƙon shinkafa da mai, shi ba ya cikin lissafi. Daga irin wannan rana ake fara jin «ai ba mu san ko su wane ne ba».

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara matsi. Takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yuli 2023 ya rufe iyakar Najeriya har zuwa farkon 2024, farashin abinci ya hau a garuruwan da ke rayuwa da cinikin iyaka. Ambaliyar 2024 ta kashe fiye da mutum 300 ta shafi sama da miliyan ɗaya, Maraɗi na cikin jihohin da suka fi shan wahala. A 2025 kuma kuɗin agaji na duniya ya ragu sosai bayan Amurka ta yanke tallafinta, abin da ke nufin ƙarin nauyi a kan gidajen da ke riƙe da baƙi.

Rajista da komawa gida

Abin da ya fi rage zargi a aikace shi ne a san mutum. Rajistar da CNE da HCR ke yi, da hoton yatsu da na ido, tana ba ɗan gudun hijira takardar da zai nuna a shinge, tana kuma ba hukuma sunan da za ta nema idan wani abu ya faru. A ƙauye kuwa tsohuwar hanya tana nan: baƙo ya sauka wurin mai gida, mai gida ya kai shi wurin mai gari, mai gari ya sanar da sarki da magajin gari. Wanda ya gudo ya fi kowa sanin fuskokin waɗanda suka ƙone ƙauyensa, amma ba zai buɗe baki ba idan yana ganin zuwa wurin jandarma zai ƙare da shi a kaso.

Komawa gida kuwa doka ta ce sai da yardar mutum. A Yunin 2021 gwamnati ta fara mayar da ƴan gudun hijira na cikin gida ƙauyukansu a jihar Difa, aka fara da Baruwa a bakin tafki, inda dubban mutane suka koma bayan shekara shida. A ƙarshen Agustan wannan shekara aka kai hari kan sojojin da ke gadin garin, 16 suka rasu. Gwamnatin Borno ita ma ta kwashe wasu daga Bosso zuwa Malam Fatori a 2022, amma dubun dubatar ƴan Najeriya suna nan a jihar Difa, wasu da ƴaƴan da aka haifa a Sayam Foraj waɗanda yanzu sun isa shiga kolej.